Daga Ajame Zuwa Tireshbil: Wa Za Mu Danƙa Wa Yaro Ya Koya Masa Ƙwallo?

Tun daga ranar 11 ga watan Fabrairu 2024, ranar da Giwayen Kodebuwa suka ci Nijeriya 2 da 1 a filin wasa na Ebimpe suka ɗauki kofin Afirka karo na uku, da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Abijan ka tarar maganar ƙwallo ba ta riga ka shiga ba. A daren nan gidaje da yawa sun rabu biyu, uba yana bayan ƙasar da ya baro ko maƙwabciyarta, 'ya'ya kuwa suna bayan ƙasar da aka haife su. Gari ya waye an koma kasuwa, amma yara ba su sauka daga kan maganar ba har yau.

A zamanin iyayenmu wannan magana ba ta da tsawo. Ƙwallo shiririta ce, yaro ya ɗauki allonsa da asuba, ya tafi lakwal in an sa shi, da yamma ya tsare tebur ko shago. Yanzu kuwa uwa da uba suna gani da idonsu akwai waɗanda ƙwallo ta yi wa rana, yaro kuma ya nace, sai tambaya ta koma: in za a bar shi ya yi, wurin wa za a kai shi? Domin neman amsa muka bi hanya daga Ajame zuwa Tireshbil. Tafiya ce da ba ta kai kilomita 10 ba, amma a cikinta mutum zai ga kowane irin horo da ake yi wa yara a garin nan.

Mizanin da muka riƙe ba baƙo ba ne a wurinmu. In Bahaushe zai ba da ɗansa ga malami, ko ga maigida ya koya masa cinikin goro, ba ya ba da shi ta hanyar saƙo. Yakan je da ƙafarsa ya ga wurin, ya tambayi wa ya san mutumin, sa'an nan ya bincika ina yaran da suka taso a hannunsa suke yanzu. Mai koyar da ƙwallo shi ma malami ne, kuma amana ɗaya ce. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, cikin yaran da ke bin ƙwallo 'yan kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ita. To, horo nagari shi ne wanda in ƙwallo ba ta karɓi yaro ba, zai komo gida da lafiyarsa da karatunsa da takardunsa daidai.

Lungunan Ajame

Wanda ya sauka a tashar Ajame da safe ba zai yi zaton akwai wurin ajiye ƙafa ba, balle wurin buga ƙwallo. Ga gbaka suna lodi, ga 'yan kamasho suna kiran Abobo da Yofugon, ga masu turin baro da buhunan albasar Galmi, ga mata sun baje haja daga kasuwar Forum har bakin babban masallaci a titin Nangui Abrogoua. Nan ne 'yan'uwanmu da yawa suke neman abinci, daga mai shayi da mai tsire zuwa mai garba, abincin nan na aceke da soyayyen kifi wanda sunansa ma daga mutanenmu na Nijar ya samo asali.

Amma da la'asar sakaliya, in ka ratsa ta 220 Logements ko ka hau Williamsville, sai ka ga wata Ajame dabam. Duk inda aka sami ɗan sarari, harabar lakwal ko tsakanin benaye ko lungun da mota ba ta bi, yara sun kafa duwatsu biyu sun mai da shi fili. Wannan ne tushen wasan da ake kira marakana, wanda aka san ƙasar nan da shi: 'yan wasa shida-shida, raga ƙarama, babu mai tsaron gida. Da yake wurin a matse yake, yaro ba ya samun damar narka ƙwallo gaba ya bi ta da gudu. Dole ya koyi tare ta, ya ɗaga kai, ya ba abokinsa kafin a rufe shi.

Wannan shi ne horo na farko, kuma ba a biyan ko dala. Ga yaron da bai kai shekara 10 ba, a ganinmu ya wadatar, in dai an kiyaye abu biyu. Na ɗaya shi ne wurin kansa, saboda mota da kwalabe da ƙusa. Na biyu su waye manyan da ke zaune a gefen fili. Kowa ya san an sha fama a Ajame da Abobo da gungun yaran da ake kira mikrob, an kuma san ƙwaya tana yawo a lunguna. Filin da ke ƙofar gida, inda kawu ko yaya ke iya leƙawa daga shago, ya fi wanda yaro zai ɓace daga azahar sai bayan isha'i.

Cibiyoyin unguwa

Da yaro ya fara tasawa sai ya zo da maganar santir, wato cibiyar horo ta unguwa. Waɗannan ba su ƙirguwa a Abijan. Mutum guda ne, sau da yawa tsohon ɗan wasa, da buhun ƙwallaye da usur da riguna masu launi, ya ari filin wata lakwal ranar Laraba da yamma da Asabar, iyaye suna biyan ɗan abin da aka yanka a wata. Kada a raina su. Aruna Dindane, wanda ya yi wasa a Anderlecht ta Beljiyam da Lens ta Faransa, a wata ƙungiyar unguwa ta nan Ajame aka gano shi. Unguwar kuma tana da babbar ƙungiyarta, Stella Club d'Adjamé, wadda ta ci kofin CAF a 1993.

Sai dai duk santir sunansa santir, kamar yadda duk goro sunansa goro, sai an buɗe huhu ake sanin fari da ja da mai tsutsa. Hanyar buɗe huhun ita ce uba ko wakilinsa ya je filin ba tare da ya yi sallama tun jiya ba, ya zauna daga farko har a tashi. Mun yi haka a wurare da dama, ga kuma abin da ya kamata ido ya nema.

A duba ƙwallo nawa ce ga yara nawa. In yara sun cika fili ƙwallo biyu ce kawai, yawancinsu za su koma gida ba su taɓa ta sau goma ba. A duba ko an raba su bisa shekaru, domin haɗa ɗan shekara 11 da ɗan 17 hanyar karaya ce. A duba ko akwai ruwan sha da hutu, da kuma lokacin da ake farawa, saboda zafin Abijan da gumi ba abin wasa ba ne. A saurari bakin koci. Tsawa dabam, zagin uwa da mari dabam, kuma yaron da ake horarwa da tsoro ba ya yarda ya gwada sabon abu. Akwai kuma masu sa ƙananan yara zagaye fili har su galabaita wai ana gina musu ƙarfi, alhali a wannan shekaru ƙafa da ido ake ginawa, ƙarfi yana zuwa daga baya.

Bayan an tashi sai a yi masa tambaya uku cikin ladabi. Malam, kana duba biltan na yaran nan kuwa? Tun 2015 doka ta wajabta karatu a ƙasar nan daga shekara 6 zuwa 16, saboda haka kocin da ya ce a cire yaro daga lakwal domin ya samu lokacin horo ya saɓa wa doka kafin ya saɓa wa hankali. Ta biyu, lokacinka zai bar wa yaro makarantar allo ko Islamiyya, kuma yaya kake yi da azumi? Ta uku ita ce babba: ina yaran da suka bar hannunka shekara 5 da suka wuce? Na kirki zai lissafa maka su har da waɗanda suka zama makanikai da direbobi da ɗalibai, ya san gidajensu. Wanda ba ya tuna kowa sai mutum ɗaya da ya tafi Turai, ka san inda hankalinsa yake.

Abu na ƙarshe ana jin nauyin faɗarsa, amma dole ne. Kada a yarda yaro ya riƙa kwana a ɗakin koci, ko a yi tafiya da shi babu wani babba da iyaye suka sani. A 2021 an fallasa zarge-zargen lalata da yara 'yan ƙwallo a ƙasar Gabon, aka kama masu horarwa. Rigakafi ya fi magani.

Ta gaban filin Felisiya

Daga Ajame muka gangara ta Indénié muka shiga Filato, unguwar ofisoshi da dogayen benaye. A bakin ruwan Ebriye filin wasa na Félix Houphouët-Boigny yake, wanda 'yan gari ke kira Felisiya. A nan ne aka yi wasan da ya sauya tunanin iyaye a ƙasar nan. ASEC Mimosas ta ci kofin zakarun Afirka a 1998, sai ga shi ranar 7 ga Fabrairu 1999, a wasan Super Cup da Espérance ta Tunisiya, ta fito da yaran makarantarta, yawancinsu 'yan shekara 17 da 18. Yaran nan suka ci 3 da 1 bayan ƙarin lokaci. Cikinsu akwai Kolo Touré da Didier Zokora da Aruna Dindane da mai tsaron gida Boubacar Barry, wanda daga baya ya buga fanaretin da ya ba ƙasar nan kofin Afirka na 2015.

Makarantar ita ce MimoSifcom, wadda shugaban ASEC Roger Ouégnin da Bafaranshe Jean-Marc Guillou suka kafa a 1994. Mazauninta Sol Béni ne, can gabas a bakin ruwa wajen M'Pouto a Kokodi. Daga cikinta Yaya Touré ya fito, wanda ya zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, haka Salomon Kalou da Gervinho da Emmanuel Eboué. A 'yan shekarun nan ma ASEC ta fitar da Odilon Kossounou da Karim Konaté da Oumar Diakité, wanda ya ci Mali ƙwallon ƙarshe a Buwake a gasar 2024.

Abin da ya kamata uba ya riƙe daga labarin nan uku ne. Na farko, makarantar ita ta shiga unguwanni ta gwada yara dubbai ta zaɓi 'yan kaɗan, kuma ita ta ɗauki nauyin ci da kwana da magani da karatu. Iyaye ba su sayi gurbi ba. Na biyu, Guillou ya sa yaran farko sun yi shekaru suna horo ba takalmi, sai wanda ya ƙware aka ba shi. Wato abin da yaranmu ke yi a lungun Williamsville shi ne harsashin, takalmi mai tsada ba shi ke sa iyawa ba. Na uku, ko cikin waɗanda suka ci Espérance ba kowa ne ya kai Arsenal kamar Kolo Touré ba. Wasu sun yi yawo a ƙananan ƙungiyoyi har ƙarfinsu ya ƙare. In haka ta faru ga zaɓaɓɓun zaɓaɓɓu, ina ga ɗan santir na unguwa? Shi ya sa irin wannan makaranta ma ba ta raba ƙwallo da aji ba.

Saboda haka in ana maganar makarantar kwana, a tambaya: wa ke biya, wace lakwal yaran ke zuwa, suna zana CEPE da BEPC kuwa, yaushe ake barin iyaye su ziyarta, kuma in an sallami yaro a tsakiyar shekara ina zai ci gaba da karatu? Duk wadda ta ari suna mai kama da na manya, ta kuma nemi jikkuna masu yawa kafin a ga ɗakin kwana, a yi hattara da ita.

Tireshbil, unguwar takardu

Muka haye gadar Houphouët-Boigny muka sauka Tireshbil. Bayan hayaniyar Ajame, nan tituna a jere suke kamar gidan dara, kowace abeni da lambarta, kowace ri da tata. Tsohuwar unguwa ce ta baƙi, wadda tashar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa suka tara mata jama'a daga Senegal da Mali da Nijar da Gana da Nijeriya, kuma kakannin wasunmu a nan suka fara sauke kaya. A nan Parc des Sports yake da Palais des Sports, inda aka yi wasu daga wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2017. Gaba kaɗan a Markori akwai filin Robert Champroux da makarantar INJS mai horar da malaman wasanni.

Abin da ya fi kawo mu shi ne hedkwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FIF, wadda ke nan Tireshbil. Uban da ke Ajame kuɗin mota kaɗan zai kashe ya zo ya tambaya ko santir ɗin da ake son kai ɗansa yana da rajista, ko kuma kocin yana da takardar koyarwa. Takardun nan hawa-hawa ne, daga D zuwa C da B da A. Mai koyar da ƙananan yara ba sai yana da babba ba, amma wanda ba shi da ko ɗaya ba a taɓa gwada shi ba.

Rajista tana da wani amfani da iyaye da yawa ba su sani ba. A dokar FIFA, in ɗan wasa ya zama ƙwararre, ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 suna da haƙƙin ladan horo. In kuma aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris domin biyan irin wannan kuɗi. Amma sai yaro yana da lasisi da sunan cibiyar ake lissafa ta. Ke nan cibiya mai rajista ribarta tana ga ci gaban yaron nan gaba, don haka za ta kula da shi. Wadda ba ta da rajista ba ta da wata riba sai abin da ke aljihunka yau.

Sa'an nan ga maganar da ta shafe mu musamman, mu da asalinmu yake wata ƙasa. Tun gyaran dokar 1972, haihuwa a ƙasar nan kaɗai ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Wannan ba ya hana shi wasa a ƙungiya, amma rigar Giwaye sai mai takardar ɗan ƙasa. Haka kuma dokar FIFA ta ce yaron da ba ɗan ƙasa ba, in za a yi masa rajista ta farko, ana iya neman shaidar ya zauna a ƙasar shekara 5 a jere, kuma babu shaidar da ta fi takardar haihuwa da takardun lakwal. Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Aristide Bancé a Abijan aka haife shi, a nan ya fara wasa, amma Burkina Faso ya yi wa wasa har wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2013. Ɗanmu ma ƙofar Mena ta Nijar ko ta Nijeriya a buɗe take gare shi, in takardunsa na gaskiya ne.

Mun ce na gaskiya, domin za a sami mai ba da shawarar a rage wa yaro shekaru, ko a ba shi takardar ƙanensa. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. A 2016 'yan wasan Nijeriya 26 suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da su, ta kuma kai har gasar duniya a Indiya a 2017. Yaron da aka sauya wa suna, in ƙwallo ta ƙi, ya rasa sunan da ke kan takardun karatunsa, ga kuma rikicin gado yana jiransa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kafin mu bar wannan ɓangare mun bi ta babban asibitin CHU na Tireshbil, inda cibiyar ciwon zuciya ta Abijan take. Ba a manta da Cheick Tioté ba, wanda ya faɗi a filin horo a ƙasar Sin a watan Yuni 2017 yana ɗan shekara 30. Yaron da zai shiga horo mai tsanani ya kamata likita ya duba shi tukuna, musamman in yana yawan haki ko ciwon ƙirji ko ya taɓa suma, ko kuma akwai sikila a gida. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, a bar shi ya warke sarai kafin ya koma fili.

Hanyar da ta fita gari

Daga Tireshbil babban titi ya miƙe ta Markori zuwa filin jirgin sama na Por-Buwe, daga tashar Basam kuma motoci suna kama hanyar gabas wadda ke kai wa iyakar Gana, daga can Togo da Benin. Waɗannan hanyoyi biyu su ne jarin mutum na huɗu, wanda ba ya koyar da komai amma ya fi kowa iya magana. Ana kiransa manaja. Yakan zo da mota mai kyau da hotunansa da wasu Turawa a cikin waya, da takardar gayyata mai tambarin wata ƙungiya, ya ce yaron nan zinariya ne, kuɗin fasfo da biza da tikiti kawai ake nema. Uwa ta sayar da sarƙarta, uba ya taɓa jari.

Ga abin da doka ta ce. Tun 2001 FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a 'yan wurare kaɗan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Tun 2023 kuma dillalin 'yan wasa sai ya ci jarrabawa ya sami lasisin FIFA, sunansa yana cikin jerin da ake iya dubawa a intanet, kuma ba ya da ikon yin yarjejeniya da yaro sai da sa hannun iyaye. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan tikiti da masauki. Mu 'yan kasuwa ne, mun san mai saye ke biya. Ina aka taɓa ganin mai kaya ya biya mai saye?

A 2007 aka gano yara 34 'yan Abijan a wani gida a Sikasso ta Mali, an karɓi kuɗin iyayensu da alkawarin Turai, sai da hukumar kula da ƙaura ta duniya ta komo da su gida. Simon Adingra, wanda ya ba da ƙwallaye biyun da aka ci Nijeriya a Ebimpe, ya faɗa da bakinsa cewa yana yaro wani mutum ya karɓi kuɗin gidansu ya kai shi Benin tare da wasu yara, ya gudu ya bar su, har suka riƙa wanke kwanuka a gidajen abinci domin su ci. Allah Ya yi masa gyaɗar dogo makarantar Right to Dream ta Gana ta ɗauke shi, ya tafi Denmak a 2020 bayan ya cika 18, Brighton ta Ingila ta saye shi a 2022. Shi mun san sunansa saboda ya tsira. A tuna da sauran da suka wanke kwanuka tare da shi.

Abin da muka ƙulla

Ga yadda muka ga ya dace a jera abin. Ƙasa da shekara 10, a bar yaro ya yi marakana kusa da gida, a sa masa ido. Daga 10 zuwa 13, a nemi santir mai rajista wanda yaro zai iya zuwa ya komo kafin magariba, wanda uba ya zauna ya gani da idonsa. Daga 13 zuwa sama, in yana da baiwa, wasannin da ake yi tsakanin cibiyoyi za su nuna shi, manyan makarantu kuma suna da masu yawon nema. In sun zo, a karanta takarda tare da wanda ya iya Faransanci sosai kafin a sa hannu, a kuma riƙe kwafi. Maganar fita waje sai bayan 18. 'Ya mace ma in tana so mizanin ɗaya ne, har da ƙarin kula, ga shi matan ƙasar nan sun je gasar duniya a Kanada a 2015.

Kada gaggawa ta ruɗe mu da cewa lokaci zai wuce. Didier Drogba bai sa hannu a kwantaraginsa ta farko ta ƙwararru ba sai yana ɗan shekara 21, a Le Mans, bayan ya yi karatun lissafin kuɗi. Sauri ya haifi nawa.

Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na Ajame da Tireshbil. Yadda ake kawo maganar aure da ta bashi gabansu, haka ya kamata a riƙa kawo wannan. Duk mai son tafiya da ɗan wani, a ce ya zo gaban manya da lasisinsa da takardar ƙungiyar da ta aiko shi, a ba shi mako biyu a bincika a FIF. Mai gaskiya zai komo. Kocin unguwa da aka shaida yana riƙe yara da amana kuma, a taimaka masa da ƙwallaye da ruwan sha da kuɗin mota ranar wasa, domin 'ya'yanmu yake yi wa aiki.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya haɗa su da malamai nagari. Sai mun sake saduwa a fitowa ta wata mai zuwa.